Masu Tura Fina-finai a Waya: Sana'ar da Ke Tsaye a Kan Gumin Wani

Duk garin da ka shiga a ƙasar Hausa, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Gusau zuwa Damagaram, da wuya ka wuce bakin tasha ko ƙofar kasuwa ba ka ga wata 'yar rumfa da sifika ke ta amon waƙa ba. A ciki za ka tarar da matashi zaune gaban kwamfuta, igiyoyin caji sun kewaye shi, wayoyi jere a kan tebur kowace tana jiran layinta. Wannan shi ne mai tura fina-finai da waƙoƙi, wanda 'yan fim ke kira ɗan dawunlodin. Ka miƙa masa waya ko memori, ka faɗi abin da kake so, ka ba shi 'yan nairori, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya cika maka ita da abin kallon mako guda.

Sana'a ce ta gaske. Tana ciyar da gidaje, ta aurar da samari, ta raba matasa da yawa da zaman kashe wando. Tana kuma kai nishaɗi da ilimi inda kuɗin data ya fi ƙarfin mutane, da ƙauyukan da sabis ɗin waya sai an hau tudu. Amma akwai maganar da ba a cika son tayarwa ba a wannan rumfa: hajar da ake sayarwa ta wace ce? Mai shago bai rubuta labarin ba, bai ɗauki fim ɗin ba, bai rera waƙar ba. Abin da zai raba wannan sana'a da sata abu ɗaya ne tak, wato izinin mai kaya.

Daga kwali zuwa memori

Wannan sana'a jikar sana'ar kaset ce. Tun kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano sun ƙware wajen kwafar fina-finan Indiya da na Amurka da na Sin a kaset, da wa'azin malamai da waƙoƙin makaɗa, suna rarraba su har Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana. Da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan harkar ta bunƙasa har ta sami sunan Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, sai fim ɗin Hausa ya bi wannan hanya da ya tarar a shimfiɗe. Injinan da ke kwafar fim ɗin Indiya su ne suka koma kwafar na gida.

Sai dai a nan kasuwa ta yi wata dabara da ya kamata mai turi na yau ya sani. Furodusa yakan kai wa dila asalin kaset ɗin fim, sannan ya buga kwalaye masu hotunan 'yan wasa. Dila ne ke sayen kaset maras komai ya kwafa, amma ba zai sayar ba sai ya sa shi cikin kwalin furodusa, kuma kowane kwali da kuɗinsa. Yawan kwalin da ya fita, yawan kuɗin da mai fim zai karɓa. Brian Larkin, malamin jami'a a Amurka da ya zauna a Kano ya yi bincike, ya bayyana wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa a kasuwar Kano haƙƙin mai fim a jikin kwali yake. Tsarin bai rasa rigima ba, don an sha kai ruwa rana tsakanin furodusoshi da diloli a kan bashi da jinkirin biya da kwalin jabu. Duk da haka akwai abin ƙirgawa, akwai wanda za a tambaya, kuma kowa a kasuwa ya yarda cewa mai fim yana da kaso a kowane kwafi.

Faifan CD ya maye gurbin kaset, tsarin kwali ya ci gaba da tafiya. Abin da ya karya shi waya ce. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma ƙananan wayoyin Sin masu ɗaukar memori da nuna bidiyo suka cika kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Daga nan fim ya rabu da jiki. Ba kaset, ba faifai, ba kwali. Wanda ya sayi CD ɗaya da safe zai iya juye shi a kwamfuta, ya matse shi ya zama ƙarami, ya tura wa mutum ɗari kafin magariba, kuma abin da ke hannunsa bai ragu da komai ba. Shagunan CD suka yi ta rufewa, da yawa daga yaran shagunan suka sayi kwamfuta suka koma turi. Ba turi kaɗai ya durƙusar da kasuwar faifai ba, tashoshin tauraron ɗan'adam da matsin tattalin arziki da rashin tsaro duk sun taka rawa. Amma shi ne ya shafe ƙirgen da mai fim ke dogara da shi.

Jari da gwaninta

Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikin danna maɓalli ne kawai. Wanda ya zauna a rumfar ya san ba haka ba ne. Jarin farko kwamfuta ce, galibi ta hannu wadda aka yi amfani da ita a waje aka kawo, sai rumbun ajiya ɗaya ko biyu da za su ɗauki dubban fina-finai, sai igiyoyi masu baki iri-iri, da abin karanta memori, da sifikar kiran ciniki. Sai babbar matsala, wuta. Shi ya sa za ka ga ƙaramin janareto a gefe ko farantin sola a kan rufi, kuma da yawansu sukan haɗa da cajin waya da sayar da memori da kati, don rumfar ta riƙe kanta.

Gwanintar farko ita ce tsari. Rumbun da ba a tsara ba daji ne. Gwani yakan ware komai gida-gida: fina-finan Hausa sababbi da tsofaffi, masu dogon zango kowane da zangonsa da lambar fitowarsa, Indiya fassarar Hausa, waƙoƙin soyayya, na biki, na siyasa, na gargajiya, begen Annabi, karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi kowane malami da shekararsa, littattafan Hausa da ake karantawa cikin murya, da ƙwallo. Idan kwastoma ya ce, "Malam, wanda aka tsaya inda aka kama yarinyar nan za ka ci gaba min," dole mai shago ya gane fim ɗin, ya kuma san lambar da ake nufi.

Ta biyu ita ce sanin waya. Ƙaramar waya mai maɓalli ba ta buɗe bidiyon da babbar waya ke buɗewa, sai an juya shi zuwa 3GP ko ƙaramin MP4. Memori mai ƙaramin ciki yana bukatar a matse fim har ya shiga ba tare da fuskokin 'yan wasa sun dagule ba. Akwai memorin jabu da ke nuna babban ciki alhali ƙarami ne, akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke bin memori daga waya zuwa waya tana ɓoye kayan mutane. Yaron shago yakan shafe watanni yana koyon waɗannan a gaban maigidansa kafin a bar masa kujera.

Ta uku ita ce sanin mutane. Direban mota yana son waƙoƙi masu tsawo a filas da za su kai shi Legas. Ɗan Adaidaita Sahu yana son sabuwar waƙar da gari ke yayi. Dattijo yana son Shata da Ɗanƙwairo da tafsiri. Matan aure da ba sa fita sukan aiko yaro da memori a ƙulle cikin leda, da saƙon abin da za a sa. Mai turi ya san wanda za a ba kaza da wanda ba za a ba ba, kuma na kirki a cikinsu ba ya ajiye batsa, ba ya cika wayar ƙaramin yaro da abin da ya fi shekarunsa.

Ta huɗu amana ce. Wayar mutum sirrinsa ce, da hotunan iyalinsa da saƙonninsa. Mai shagon da ke leƙa abin da ba a sa shi ba, ko ya kwafi hoton matar wani, ya ci amana, kuma unguwa ba ta daɗewa ba ta gano shi ba. Masu wannan sana'a sun san wannan amana sarai, suna kuma alfahari da riƙe ta. Abin da ya rage shi ne su gane cewa akwai amana ta biyu, ta mutumin da ba ya tsaye a gabansu, wanda aikinsa ne ke cikin rumbun.

Kayan wa ake sayarwa?

A ɗauki fim ɗaya mai dogon zango. Kafin fitowa ɗaya ta kai ga kallo, an biya marubucin labari, da darakta, da 'yan wasa, da mai ɗaukar hoto, da mai sauti, da mai kwalliya, da mai tacewa. An yi hayar kyamara da gida da mota, an ciyar da jama'a kwana da kwanaki a wurin ɗauka. Furodusa ya zuba kuɗinsa, wani lokaci na bashi, wani lokaci ya sayar da fili. Waƙa ma haka take: akwai wanda ya tsara baitoci, akwai wanda ya haɗa kiɗa a situdiyo, akwai masu murya da 'yan amshi, akwai wanda ya biya kuɗin ɗauka. Idan wannan aiki ya fita, ya shiga rumfuna dubu, kowace rumfa ta ci riba, shi kuwa wanda ya yi bai ga ko sisi ba, to an koma ga abin da Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dokar ƙasa ba ta bar wannan magana a buɗe ba. Najeriya ta kafa hukumar kare haƙƙin mallaka, wadda a yau ake kira NCC, bisa dokar 1988, kuma ta shiga yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya a 1993. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta fito fili ta haɗa da ayyukan da ke yawo a intanet da na'urori. A ƙarƙashinta, mai aiki shi kaɗai ke da ikon kwafar aikinsa, da rarraba shi don kasuwanci, da nuna shi ga jama'a, da ɗora shi a intanet, da fassara shi ko sauya masa kama. Wannan haƙƙi yana tabbata da zarar an rubuta aikin ko an naɗe shi, ba sai an yi rajista ba. Wanda aka taka wa haƙƙi zai iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi diyya, kuma sayar da kwafin sata laifi ne mai tara ko ɗauri ko duka biyu.

Haƙƙin yana da wa'adi, amma mai tsawo ne. Rubutu da waƙar da aka tsara suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Fim da sautin da aka naɗa suna da shekara 50 daga fitowarsu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙin da ya tsara suna cikin kariya har ƙarshen 2069, kuma haƙƙinsu gado ne kamar gona da gida. Wanda ya ce waƙar tsoho ce, ta kowa ce, ya manta cewa tsohon ya bar magada. Turmin Danya kansa bai cika shekara 50 ba tukuna, balle fina-finan da suka biyo bayansa. A Nijar ma akwai hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa, don haka ƙetare iyaka ba ya halatta kayan wani.

Akwai kuma haƙƙin da ba na kuɗi ba, wato haƙƙin suna. Wasu masu turi sukan yanke jerin sunayen ma'aikata a ƙarshen fim don ya yi sauƙin nauyi, wasu su manna sunan shagonsu da lambar wayarsu a kan hoton, wasu su cusa muryarsu a tsakiyar waƙa suna tallar kansu. Doka ta ba mai aiki ikon a ambaci sunansa, kuma kada a yi wa aikinsa gyaran da zai zubar masa da mutunci. Mai ɗaukar sauti da sunansa ke fitowa sau ɗaya a ƙarshen fim, wannan layin shi ne takardar shaidarsa ta neman aiki na gaba.

Ga wanda ya fi jin maganar addini, malamai ma sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, kuma bai halatta a yi mata ta'adi ba. Asalin hukuncin sananne ne tun a makarantar zaure: dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Hujjojin da ake ji a rumfa

Masu turi suna da amsoshinsu, kuma ya kamata a saurare su da adalci.

Na farko yakan ce, "Ai da kuɗina na saya." Gaskiya ne, amma abin da ya saya kwafi ɗaya ne na kallonsa. Kuɗin kwafi ɗaya bai sayi ikon buga wasu ana sayarwa ba, kuma dilolin Ƙofar Wambai sun san haka tun zamanin kwali.

Na biyu yakan ce, "A YouTube yake, kyauta ne." Tun da kasuwar faifai ta faɗi, masu fim da yawa sun koma can da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Kallon kyauta ne ga mai kallo, amma kowane kallo ana ƙirga shi, kuma daga tallar da ke bijirowa a ciki YouTube ke ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin. Idan mai shago ya sauke fitowa ɗaya ya tura wa mutum ɗari biyu, kallo ɗaya aka ƙirga, sauran sun tafi a iska. Ƙa'idojin YouTube kansu sun hana sauke bidiyo a sayar. Haka abin yake ga shirye-shiryen Arewa24 irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in: nuna su a talabijin bai mayar da su kayan kowa ba.

Na uku yakan ce, "Talla nake masa, ba don mu ba wa zai san shi?" A nan akwai ƙamshin gaskiya. Mawaƙa da dama sun yi suna ta hanyar memori, har sabon mawaƙi kan kai waƙarsa rumfa da kansa ya roƙi a yaɗa. Wannan izini ne, kuma babu laifi a ciki. Amma mai kaya ne ke zaɓar ya bayar kyauta, ba mai shago ke zaɓa masa ba. Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita daga Abzinawan Nijar, ya isa misali. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka bazu a wayoyi har Mali ba tare da kasuwa ta biya shi ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga memorin mutane, da ya tashi sayar da su a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones a 2011, sai ya bi sawun mawaƙan ya nemo su, aka yi yarjejeniya, aka ware musu kaso. Waya ce ta yaɗa sunan, amma neman izini ne ya buɗe ƙofar da ta kai makaɗin dandamalin duniya.

Na huɗu yakan ce, "Su ma 'yan fim ɗin ai kwaikwayon Indiya suke yi." Wannan zargi yana da tushe. An sha ɗauko labarin fim ɗin Indiya ko karin waƙarsa a sa masa rigar Hausa ba a tambayi kowa ba, an sha ɗaukar littafin marubuciya a mayar da shi fim ba da saninta ba. Fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa su ma suna da masu su, kuma fassara tana cikin abubuwan da doka ta ce sai da izini. Duk wanda ke kukan an sace masa, wajibi ne ya duba hannunsa. Sai dai laifin wani ba ya wanke na wani, kuma mai haɗa sautin da ke jiran a biya shi bai saci komai ba.

Na biyar yakan nuna takardar rajista a bango. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, aikinta duba abin da ya dace jama'a su gani da sa ido a kan masu harkar. Takardar hukuma tana ba ka damar buɗe shago. Ba ta ba ka fim ɗin wani ba. Izini biyu ne daban, kuma ana bukatar kowanne.

Yadda ake neman izini

Abin bai kai wahalar da ake zato ba. Akwai sayar da haƙƙi ɗungurungum, inda mai aiki ya sallama shi ya koma na mai saye. Akwai kuma lasisi, inda aikin yana nan a hannun mai shi, ya dai ba ka damar amfani da shi bisa sharaɗi. Lasisi shi ne abin da mai turi ke bukata. Doka ta ce sayar da haƙƙi, da lasisin da aka keɓe wa mutum ɗaya, sai a rubuce. Lasisi na gama-gari yana iya zama da baki, amma mai hankali zai rubuta, don magana tana tashi, takarda tana zama.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Ta faɗi sunan aikin, da wanda ya bayar, da wanda ya karɓa. Ta faɗi abin da aka yarda a yi: turawa a waya kaɗai, ko har da nunawa a gidan kallo, ko ɗorawa a intanet, domin kowanne ikonsa daban. Ta faɗi yanki da wa'adi, da ranar da za a fara, don kada turi ya riga sinima ko YouTube. Ta faɗi kuɗi, ko dunƙule ne ko kaso a kan kowane turi. Sannan a tabbatar wanda ya sa hannu shi ne mai haƙƙin. Jarumin da fuskarsa ke kan fosta ba lallai ne ya mallaki fim ba, galibi furodusa ne. Mawaƙi ma wani lokaci ya riga ya sayar da waƙarsa ga mai fim.

Mai rumfa ɗaya a ƙauye ba zai iya bin furodusa ɗari ba, kuma a nan ƙungiya ke da amfani. An riga an ga inda masu turi suka haɗa kuɗi ta hannun shugabanninsu suka sayi fim daga mai shi kafin a raba wa shaguna. Wannan ita ce hanyar da ya kamata a faɗaɗa ta zama ƙa'ida, da rasit, da jerin fina-finan da aka biya wanda kowane shago zai liƙa a bango. Akwai kuma ƙungiyoyin da NCC ta amince su karɓi kuɗi a madadin masu aiki, irin su MCSN ta fannin waƙa da AVRS ta fannin fina-finai. Ya kamata mawaƙa da furodusoshin Arewa su shiga irinsu, su kuma matsa a riƙa yi musu lissafi a fili.

Akwai kayan da ba sa bukatar biya. Malamai da yawa sun yi shelar cewa karatunsu a yaɗa shi saboda Allah. Akwai ayyukan da wa'adinsu ya ƙare, akwai waɗanda masu su suka saki da lasisin Creative Commons. Ko a nan sai an karanta sharaɗi, domin wani nau'in ya ce a ambaci sunan mai aiki, wani ya ce ban da kasuwanci. Mai shago na gari zai ware rumbunsa gida uku: abin da ya biya, abin da aka ba shi izini kyauta, da abin da bai san matsayinsa ba. Na ukun nan shi ne zai yi ta ƙoƙarin ragewa har ya ƙare. Ya kuma ajiye littafi yana rubuta abin da ya tura kowace rana. Wannan littafi shi ne zai tsaya a matsayin kwalin da.

Su ma masu fim da nasu nauyin. Idan suka sa farashin da rumfar ƙauye ba za ta iya ba, ko suka ƙi sauraron masu turi sai dai kame da ƙwace kwamfuta, sata za ta koma ɓoye ne kawai. Mai turi yana kai fim inda sinima ba ta zuwa, inda data ba ta isa. Dila ne da ya riga ya mallaki kwastomomi, kuma jawo shi cikin tsari ya fi korar sa riba.

Ina aka dosa?

Sana'ar tana fuskantar nata ƙalubalen. Manyan wayoyi sun yawaita, matasa suna tura wa juna fim ta Xender da WhatsApp da Telegram ba tare da sun je rumfa ba. Abin da mai turi ya yi wa mai faifai, yau abokin kwastomansa yana yi masa. Wanda zai rayu a cikinsu shi ne mai abin da ba a samu a hannun kowa: sabon fim mai kyan hoto a ranar fitowarsa, daga hannun mai shi, da yardarsa. Wannan kuwa ba ya samuwa sai ta hanyar lasisi. Kuma idan furodusoshi suka ci gaba da karyewa suna barin harkar, rumbun mai turi zai cika da tsofaffin kaya, ciniki ya mutu. Cin gaban mai fim shi ne jarin mai shago.

Don haka kira na ga masu wannan sana'a shi ne su haɗa kai su je wurin masu fim da mawaƙa da marubuta a zauna a yanka farashi, a rubuta, a riƙa biya. Masu fim su buɗe ƙofa, su sauƙaƙa, su ma su nemi izinin labari da kiɗan da suke ɗauka a wurin wasu. Hukumomi su fara da wayar da kai cikin harshen Hausa kafin kame. Kai kuma mai miƙa waya a cika maka, ka tambayi mai shago ko an biya mai fim ɗin, ka kuma yarda ka ƙara ɗan abin da zai kai ga wanda ya yi aikin. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don an mayar da shi ƙaramin fayil a cikin memori, kuma wanda bai biya shi a nan ba zai biya a gaban Allah.